Ƙodar Yaya Glenys

Townsville,
9 ga Janairu.

Zuwa ga ƙanena Athol,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da tumakinka da karyar nan taka, tunda da alama su ne danginka yanzu. Ni lafiya lau nake, in ban da gwiwa da zafin garin nan.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara biyu ba ko gaisuwa. Kada ka ɗauka hucewa na yi. Ban manta ranar Kirsimetin da na same ka kana gyaran shinge da tsakar rana ba riga ba, na yi maka faɗa, ka ce in ina son ƙodata in ɗauko wuƙa in cire abata. Da waya tana shiga gonar, kuma da kunnenka yana ji sosai, da kiranka zan yi in faɗi abin da zan faɗa in kashe.

Noelene maƙwabciyarka ce ta zo ganin likitan ido, ta kwana biyu a wurina. Ta ce ta tsaya a bayanka a layin gidan waya, ta ga jini ya ɓata maka riga a tsakanin kafaɗu, kuma ba ranar ta fara gani ba. Da ta yi maka magana, wai wayar shinge ce ta karce ka. Athol, wace irin waya ce take karce mutum a wuri ɗaya tun watan Oktoba?

Ka san abin da nake tsoro. Shi ya ci Baba, daga 'yar tawadar Allah a bayan kunne. Kai kuma ba kamar kowa ba ne. Shekara tara ke nan da aka dasa maka ƙodata, kuma a gabana likita ya gaya maka cewa ƙwayoyin da kake sha safe da yamma danne garkuwar jikinka suke yi don kada ta far wa ƙodar. Ya ce garkuwar da aka danne ba ta iya tsaron fata. Ya ce hula, riga mai dogon hannu, da duba fata duk wata uku. Ka ce to. Ni kuwa na san irin to ɗinka tun kana rarrafe.

Da Dulcie tana raye ba ni da damuwa. Duk Lahadin farkon wata takan zaunar da kai a baranda bayan an taso daga coci, ta sa tabarau, ta bi bayanka da yatsa tabo bayan tabo, sannan kai ma ka duba nata, yadda Mama take yi wa Baba. Tun da muka binne matarka wa yake duba maka? Karya?

Jirgin likitoci zai sauka a wajenku Alhamis ta uku a cikin watan nan. Ka je ka tuɓe riga. Ba roƙonka nake yi ba.

Ka huta lafiya. Yayarka,
Glenys


Gona, bayan Winton,
2 ga Fabrairu.

Yaya,

Na gaishe ki. Wasiƙarki ta iso da motar gidan waya ta ran Talata, tun daga ambulan na gane hannun malaman makaranta. Shekara talatin kina cusa wa 'ya'yan mutane kimiyya, kin yi ritaya, ni kaɗai ne ɗalibin da ya rage miki.

Ruwa bai sauka ba har yanzu, ciyawa ta ƙare a filin arewa. Karyar kuma tana da suna, Biddy, tana gaishe ki. Ita Noelene, wai idonta ke ciwo, amma ba abin da ke wuce ta.

Gaskiya ba waya ba ce. Wani abu ne yake ƙaiƙayi a inda ba na gani, hannuna ma da ƙyar yake kaiwa. Na riƙa fesa masa shuɗin maganin nan da muke fesa wa tunkiya in almakashi ya yanke ta wurin aski. Sai ya bushe, kwana biyu ya dawo.

Na je. Likitar yarinya ce, tana ta yi mini dariya wai ta ga rago mai ƙafa biyu, saboda shuɗin da ke bayana. Da ta goge wurin sai dariyar ta tsaya. Ta lalubi hammatata ta ce, "Tun yaushe wannan kaluluwar?" Na ce wacce? Ta yanki ɗan nama ta tafi da shi.

Jiya saƙo ya zo ta gidan Noelene. Melanoma ce, wato ciwon dajin fata, irin na Baba. Suna son ganina a Townsville ran Litinin ta sama.

In akwai wuri a gidanki zan sauka a nan. In babu ki faɗa, ba komai.

Sai na zo,
Athol


Townsville,
11 ga Maris.

Ƙanena Athol,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu da jiki. Ina fata ka isa lafiya, duk da tuƙin awa bakwai da ɗinki a baya da hammata ba aikin mai hankali ba ne. Kwana tara ka yi a gidana, kana zirga-zirga kamar an ɗaure ka, kuma ba wanda ya tayar da tsohon zance tsakaninmu. Na ga ka gyara mini ƙofar baya. Na gode.

Na rubuto ne don na lura da kai lokacin da Likita Varghese take bayani. Kurman kunnenka ka juya mata, kana kallon taga kana gyaɗa kai. To ga abin da ta ce, ka karanta sau biyu.

An cire na bayan da na hammata, amma ciwon ya riga ya yi tafiya. Akwai ɗigo biyu a huhu, ɗaya a hanta. Waɗannan wuƙa ba ta isa gare su.

Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kuma ba wadda take rabuwa ta zama biyu sai an aiko mata da saƙo. Saƙon daga ƙofarta yake shiga, hannu zuwa hannu, har ya kai can ciki. In an samu yadda ake so, saƙon ya tsaya. A cikin naka ciwon, ɗaya daga cikin masu miƙa saƙon ne ya lalace, yana ta cewa a hayayyafa ba tare da kowa ya aiko shi ba. Ka tuna famfon kwamin tumaki da ya maƙale a buɗe shekarar da aka yi bikina, har fili ya zama taɓo? Shi ke nan. Ƙwayoyin maganin da aka ba ka wannan famfon suke toshewa. Ba kowace melanoma ce take da irin wannan lalacewar ba, don haka a nan ka yi sa'a.

Amma ta ce ba na har abada ba ne. Wata rana ƙwayoyin ciwon za su samo wata hanyar miƙa saƙon. Wata takwas, shekara, wani lokaci fiye. Ta kuma ce in ka ji ciwon kai da ya ƙi tafiya, ko hannu ko ƙafa suka daina yi maka biyayya, to ya kai ƙwaƙwalwa, ka taho a ranar, kada ka jira motar Talata.

Da ka fita neman shayi na tambaye ta ko maganin ƙodar ne ya jawo. Ta ce zafin rana ne ya jawo, na shekara arba'in. Amma da garkuwarka a farke take, mai yiwuwa da ta kashe abin tun yana ƙarami. Na ce mata na gode, na je mota na yi kukana na share ido kafin ka dawo. Na ba ka abu don ka rayu, Athol, ashe har da wannan a cikin ƙunshin.

Ka sha maganin kafin ka ci abinci, ba bayan ka ci ba. In zazzaɓi ya zo ka sa Noelene ta kira ni.

Allah ya ƙara sauƙi. Yayarka,
Glenys


Gona,
20 ga Yuli.

Malama Yaya,

Gaisuwa da ban girma daga ɗalibinki daƙiƙi. Kek ɗin ya iso, ni da Biddy mun gama da shi a kwana uku, ita ta ci gefen da ya ƙone.

Kin ji sakamakon hoto da kunnenki, amma bari in ƙara faɗa don daɗin faɗa: na huhu sun ɓace, na hanta ya koma kamar ƙwayar gero. Ƙarfina ya dawo. Zazzaɓi ya kayar da ni sau biyu, na tashi. Jiya ni kaɗai na ɗora buhu ashirin a mota. Kuma ki kwantar da hankalinki, ina yawo da hula da riga har wuyan hannu, na shafe fuska da farin mai, hankaki ma in ya gan ni sai ya canza hanya.

Zancen da kika yi na ƙunshi, ki bar shi. Shekara tara na samu da ƙodar nan. A cikinsu na yi jinyar Dulcie da hannuna, na rufe mata ido. Da ina kan kujerar wankin ƙoda a gari, wa zai yi mata?

Tumaki suna ta haihuwa, sanyin safiya kuma yana kashe wasu. Shekaranjiya wata tunkiya ta rasa ɗanta, wata kuma ta mutu ta bar maraya. Kin san tunkiya, in ba ƙanshin ɗanta ta ji ba tunkuɗe shi take yi ko da zai mutu a gabanta. Sai na yi yadda Baba ya koya mana. Na feɗe mataccen, na yafa wa marayan fatar, na zura ƙafafunsa a ramukan. Ta sunsuna, ta sake sunsunawa, ta tsaya ya sha. Na tuna ranar da Baba ya fara yi a gabanmu, kika yi ta kuka kina cewa an yi wa tunkiya ƙarya.

Ki zo Kirsimeti. Zan yanka rago, kuma zan sa riga.

Naki,
Athol


Gona,
4 ga Disamba.

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta.

Na shigo garinku ran Laraba na fita ban tsaya ba. Ki yi haƙuri, ban iya haɗa ido da ke ba. Tsugune ba ta ƙare ba. Na hanta ya girma, ya kuma yi 'yan'uwa huɗu. Sun samo wata hanyar, yadda kika ce. Wata tara ƙwayoyin suka ba ni.

Wannan karon kunnen mai ji na juya wa likita. Ta ce saura magani ɗaya, na ƙarin ruwa, duk sati uku. Shi ba ya taɓa ciwon da kansa, garkuwar jiki yake tayarwa. Wai garkuwar tana iya kashe ciwon nan sarai, amma ciwon yana ɗaga mata wata alama da ke cewa ni na gida ne, sai ta sunsuna ta wuce. Na ce, "Likita, wato fatar ɗan rago ya yafa." Ba ta gane ba, na yi mata bayani. Ta ajiye biro ta ce ita shekara goma tana neman yadda za ta faɗi wannan. Maganin fatar yake yaye masa. Ta ce akwai waɗanda ciwonsu ya fi nawa, aka yi musu, yau shekara biyar suna noma.

Na ce to me muke jira?

Ba ciwon kaɗai ne baƙo a jikina ba, Yaya. Ƙodarki ma da aron fata take zaune, shekara goma. Kafin a sa maganin sai an rage ƙwayoyin da ke danne garkuwar, kuma in ta farka kowa za ta sunsuna. Ta ce a cikin mutum goma irina, huɗu ko biyar sukan rasa ƙodar, wasu cikin sati uku. Waɗanda ciwon yake ja da baya kuma ba su kai rabi ba. Ana iya rasa ƙodar ciwon bai ko gezau ba. In ta mutu, wankin ƙoda ne sau uku a sati har ƙarshen rai, don ba a dasa wa mai irin ciwona wata. A gona kuma ba zai yiwu ba, ruwan rijiyarmu gishiri ne, kuma ba kowa a gidan sai ni. Gaba kura, baya sayaki.

Na ce mata a'a.

Wata goma sha huɗu na yi a kujerar nan kafin ki cece ni, ina kallon jinina yana zagaye a roba, ina kallon bango. Na san ta. Amma ba ita kaɗai ba ce. An tsaga cikinki an ciro abin nan. Na ga tabon, na ga yadda kika yi wata biyu kina tafiya a duƙe. Sannan na buɗi baki na ce ki zo ki cire abarki. Ba ranar da maganar nan ba ta dawo mini. In na sa hannu aka kashe ta, na cika maganar ke nan. Gara in tafi da ita lafiyayya.

Likita ta ce wata huɗu, ko shida. Ya isa in ga an yi wa tumaki aski. Gayyatar Kirsimeti tana nan.

Ƙanenki,
Athol


Townsville,
10 ga Disamba.

Athol,

Gaisuwa. Ba zan tsawaita ta ba.

Ka tafi da ita lafiyayya zuwa ina? Tsutsa za ka kai wa? Kai dai tun kana yaro haka kake, a ba ka sabon takalmi ka rataya a wuya ka taka ƙaya. Ba don ka adana mini na ba ka ƙoda ba. Ba ajiya ba ce. Na ba ka don ka yi numfashi, kuma in yau sai an kashe ta za ka yi numfashi, to aikinta take yi. Ni mai ita na ce a kashe. Ɗakin baya yana nan, asibiti tafiyar minti goma ce, Biddy ta zauna a tsakar gida ta haƙa mini furanni, na yarda.

Yanzu ka saurara, don akwai abin da na ɓoye maka, kuma na gaji da ɗaukarsa.

Kana cewa maganarka tana dawo maka. Ranar Kirsimetin nan, da na taho wurin shingen, ta bayanka na zo. Ka duƙa kana ɗaure waya. Athol, na ga tawadar. Tsakanin kafaɗunka, baƙa, gefenta ba daidai ba, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ni da na shekara talatin ina nuna wa yara hoton irinta a allo, na san abin da na gani. Abin da ya sa na ɗaga murya ke nan, tsoro ne ya kama ni. Niyyata in gama faɗan in zaunar da kai a baranda in duba da kyau. Sai ka juyo ka faɗi abin da ka faɗa. Na shiga mota.

Na ce in na isa gida zan rubuto. Da na isa na ce sai ka fara ba ni haƙuri. Wata ya wuce, na ce ai ka je duba fata an gani. Daga baya na riƙa gaya wa kaina wataƙila ƙuda ne, wataƙila datti ne. Shekara biyu ina jiran haƙurinka, ita kuma tana nutsawa. Na tambayi Likita Varghese, ban ce ni ce ba, na ce wata ce. Ta ce a wancan girman, minti ashirin ne da ɗinki biyar.

Da-na-sani ƙeya ce. Kai baƙar magana ka faɗa, ni shiru na yi, ka auna ka ga wanne ya fi kisa. Don haka kada ka ƙara ce mini kana jin kunyata. In kana so ka tsane ni, ka tsane ni, amma ka zo ka yi a ɗakin baya, da robar magani a hannunka. Kada ka bar ni da ƙoda ɗaya da kabari biyu a Winton, naka da na Dulcie, ina sane da cewa ɗaya ni na haƙa.

Ba zan zo Kirsimeti in ci rago ina kallonka kana mutuwa ba. Kai za ka zo.

Yayarka, in har yanzu ka yarda,
Glenys


Townsville,
6 ga Janairu.

Athol,

Ina gaisuwa. Motar Talata ta je ta dawo sau huɗu. Noelene ta ce tana ganin ƙurar motarka, don haka na san kana raye. Na kira asibiti, sun ce gurbinka yana nan har ƙarshen wata. Ko zagi ne ka rubuto.

Glenys


Gona,
17 ga Janairu.

Yaya,

Na gaishe ki. Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Sati biyu ban iya taɓa takardar ba. Ran Kirsimeti na je na zauna wurin kabarin Dulcie na karanta mata. Ina cikin karantawa na tuna takardun duba fata guda takwas da asibiti ya aiko mini a shekara biyun nan, duk da su na hura wuta. Ke kin gani sau ɗaya. Kabarin nan mu biyu muka haƙa, ki bar mini rabona.

Na sayar da tumakin, mijin Noelene ya kwashe su da gashinsu. Marayan nan kaɗai na ce kada a yanka. Ki gaya wa likita na yarda. Ki ba ƙodarki haƙuri, ta yi mini aiki, ba ta taɓa yi mini gori ba.

Ki yi haƙuri da rubutun, ya karkace. Tun ran Alhamis hannun dama yake yi mini gardama, na fasa kofi biyu, kaina kuma yana sarawa. Na san abin da kika rubuta a kan wannan, ba sai kin maimaita ba. Noelene ce za ta tuƙo mu, ni da Biddy, mu iso ran Asabar. Ta yiwu mu riga takardar nan.

Washegari Lahadi ce. Ba ta farkon wata ba ce, kuma likitoci sun gama kallon bayan nan, na sani. Duk da haka ki fito da kujera baranda, ki nemo tabaranki.

Ƙanenki,
Athol